Sabon Inji, Tsohuwar Mesa

Malama Asabe, kafin ki danna wa manhajar ofishin nan sabuntawa, ɗan saki linzamin kwamfutar, ki saurare ni. Bayanan duk marasa lafiyar asibitin nan suna cikin rumbun da tsohuwar manhajar ke buɗewa, su kuma ƙananan manhajojin da aka jona mata, ba wanda ya tambaya ko za su yi shiri da sabuwar.

Bari in ba ki labari: wani manomin rani ne a fadama, yana da tsohon injin ban ruwa, mai tari da hayaƙi, amma kullum sai ya cika masa fangalan albasarsa. Ya ga maƙwabcinsa ya kawo sabo fil, ja, mai ƙarfin gaske, sai zuciya ta raya masa shi ma. Ya sayo irinsa. Don murna, a ranar ya ɗora tsohon a babur ya ba surukinsa kyauta, aka wuce da shi wani gari mai nisa. Ko tayar da sabon bai yi ba! Da safe ya zo jonawa, ashe bakin injin ya fi mesarsa faɗi, ya kuma fi bututun rijiyar. Ya yanko robar taya ya naɗa, ya ɗaure tamau, ya ja igiya. Inji ya yi ruri kamar gaske, iska kawai yake zuƙa. Ya garzaya kasuwa neman mahaɗin da zai dace, aka ce sai an aiko daga birni, a jira.

Abin da ya fi ba ni tausayi, ruwan bai tafi ko'ina ba. Yana nan a rijiya, in ya jefa tsakuwa yana jin ƙararsa. Haka ya tsuguna yana kallon dashen da bai gama kama ƙasa ba yana langaɓewa a rana. Ran da mahaɗin ya iso, ciyawa ce kawai ta sha ruwan.

To, ki kwafi rumbun nan ki ajiye kwafin gefe, ki ɗora sabuwar a kwamfuta guda ki ga ko za ta buɗe shi, ita kuwa tsohuwar ki bar ta inda take tukuna. Gobe in mai ciki ta zo likita ya nemi tarihinta, ba za ki ce mata bayanan suna nan, buɗewa ce ta gagara ba. Hausawa dai sun riga sun faɗa: sai an gwada akan san na ƙwarai.