Shekarar Tumatir

Fensir biyu, kofin shayi, da ledar tumatir. Abin da Imogen ta ɗauko ke nan, tana kan hanyar Oxford zuwa sabon wurin aikinta.

A duk Ingila ba wanda ya kai ta sanin yadda iska ke bin jikin motar tsere. Da abokan hamayya suka ɗauke ta, tsohon kamfaninta ya yi mata abin da aka saba: shekara guda a gida, ba zanen mota, har sirrin da ke kanta ya tsufa. A lambu ta cinye shekarar.

Alasdair, shugaban sabon kamfanin, ya tarbe ta da dariya. "Manomiya, an iso? Ga ofishinki."

Tebur ne da kujera. Ko kwamfuta babu.

"Ina ɗakin gwajin iska?"

"Ba ruwanki da shi. Yaranmu sun cika shi."

"To me zan zana?"

"Ai kin gama mana aiki, Imogen. Kofin tseren bana mun ci shi ne saboda kina can kina ban ruwa. Ba zuwanki muke so ba, raba ki da su muke so."

Shekarunta hamsin da takwas.

"Zan koma musu."

"Ga hanya nan. Amma mu ma sai kin yi mana shekara a lambu."

Ta ajiye masa ledar tumatir a kan tebur, ta kama ƙofa.

"Shirya takardar barin aikin. Bana dankali zan shuka."

Ta ja ƙofar ta rufe.