'Ya'yan Kifin Ghoshal Babu

Ranar Lahadi da la'asar Ghoshal, wanda ake kira Ghoshal Babu don girmamawa, ya tashi daga barcin rana, ya leƙa tankin gilashin da ke falonsa, ya ƙirga 'ya'yan kifi talatin, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kafin ya samo tabaransa sun koma goma sha tara. Manyan sun yi buɗe-baki da sauran.

Shekara talatin da biyu ya yi yana duba-gari a birnin Kolkata, masu gidajen abinci na jin takunsa sai su hau share-share. Da ya yi ritaya bai ajiye aikin ba, gida ya kwaso shi. Ya shafa yatsa a kan kantar kicin, ya sansana mai, ya buɗe tukunya ya ce gishiri ya zarce. Matarsa Minoti, wadda ta shekara arba'in tana ciyar da shi bai taɓa ciwon ciki ba, sai ga ta tana amsa tambayoyi a gaban murhunta.

Ita ce ta ce ya nemi abin yi. Ya je ya sayo kifayen tafkin Malawi guda goma sha huɗu, iri-iri, da hannunsa ya zaɓe su, duk wanda launinsa ba ya ƙyalli sai ya ce a mayar. Sati biyu tankin ya ɗauke masa hankali, a na uku ya koma buɗe tukwane.

A na huɗu 'ya'yan suka fara bayyana.

Ya kai labari shagon shayin da masu kiwon kifi ke zama, yana hura hanci. Dulal Sanyal, wanda tun suna makaranta ba ya barin maganarsa ta faɗi ƙasa, ya kurɓi shayi ya ce, “Haihuwa ai ko kwaɗo na yi. Ka raya su a cikin waɗannan 'yan ta'addan mu gani.”

“Zan raya su, kuma ba zan raba tanki ba,” in ji Ghoshal Babu. “In na kasa, ka zo ka kwashe kifin da tankin, kyauta.”

Mutum takwas ne suka shaida, aka ba shi wata uku.

Daga ranar ya tare a falo. Ya jibga duwatsu, ya gina koguna, ya rushe, ya sake. Ya fasa tukwanen ƙasa ya yi wa 'ya'yan lungunan da babba ba zai iya cusa kai ba. Ya ƙara wa manyan abinci ko za su ƙoshi su bar ƙananan. Ya karanta cewa uwa a wannan dangi a baki take goyon ƙwai, ta yi sati uku ba ta ci ba. Nasa kuwa babu mai tsallake ko loma ɗaya, ya ce wannan alamar kyakkyawar kulawa ce.

Duk da haka, 'ya'yan su zo Lahadi, kafin Laraba babu ko ɗaya. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har ya rame. Ya buɗe littafi yana rubuta wanda ake zargi: mai ruwan ɗorawa, mai zane, shuɗin nan mai kan jaki.

Minoti ba ta taɓa ƙorafi ba. Kowace Lahadi da safe takan ɗauki babban fulas ta tafi gaida ƙanwarta a arewacin gari, ta dawo ta dafa masa shinkafa da romon kifi mai nauyi, irin wanda ke kwantar da mutum har la'asar. Kwanan nan har 'yar waƙa ake jiyowa daga kicin.

“Kana ji?” takan ce daga bakin ƙofa. “Ko za ka ɗanɗana gishirin?”

“Ke dai zuba kawai! Ba ki ga abin da nake fama da shi ba?”

Saura kwana biyar wa'adi ya cika, ya haska tocila a wani lungu ya ga idanu. Guda uku, sun kai tsawon farce, sun fi ƙarfin bakin kowa. Tsohon duba-gari ya zauna a ƙasa, sai da ya share ƙwalla.

Bai tsaya ga Dulal kaɗai ba. Ya sa aka ɗauko tsoho Haripada, wanda ya shekara hamsin yana sayar da kifin kiwo a kasuwar Lahadi ta arewacin gari, don ya yi alƙalanci a gaban shaidu takwas. Falon ya cika. Ghoshal Babu ya yi bayanin kogunansa ɗaya bayan ɗaya, Dulal ya yi tsuru-tsuru.

Tsohon ya duƙa ya ga ukun, ya gyaɗa kai. Sannan ya bi manyan da kallo, ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa.

“Ghoshal Babu, ina uwar?”

“Tana ciki mana.”

“Wacce? Goma sha huɗun nan duk maza ne. Kai ka zaɓi masu ƙyalli, ko? Ai su ne mazan.”

Dulal ya ƙware da dariya. Ghoshal Babu ya miƙe, wuyansa ya kumbura. “To daga sama suke faɗowa? Wata uku ina ƙirga su da idona!”

Daidai nan labule ya ɗaga, Minoti ta shigo da faranti cike da kofunan shayi. Tsoho Haripada ya dube ta, fuskarsa ta washe, ya haɗa hannuwa yana gaisuwa.

“Af, uwar ɗakina, ashe nan ne gidan! Wannan Lahadin ma in zuba miki talatin a fulas ɗin, ko maigidan ya daina shiga miki kicin haka nan?”