Sandar Ba'amurken Zamalek

Matasan unguwa suka sauke Sagiru daga motar haya a wani shingen bincike da suka kafa a Madinat Nasr, suka zazzage jakarsa. Wata sandar buga ƙwallo ta wasan besbol ta faɗo ƙasa.

Makon juyin juya hali ne. 'Yan sanda sun ɓace, fursunoni sun fasa gidan yari, kowane baƙo kuma ya zama ɗan leƙen asiri. Sagiru ɗalibin fiƙihu ne daga Gusau, yana koya wa ɗan wani Ba'amurke Larabci a Zamalek. Da Ba'amurken zai tsere daga ƙasar, ko motarsa bai waiwaya ba, sandar nan ya damƙa masa amana.

"Makamin waye wannan, ya shehi?" in ji shugabansu, wani ƙato riƙe da ƙafar kujera.

Sagiru ya yi wuf ya ce, "Wallahi ta wasa ce, amanar maigidana. Wanda ya yi wasa da ita ya doka ƙwallo ta haura katangar fili sau ɗari biyar da ɗoriya. Cikin gilashi ake ajiye ta."

Ƙaton ya ɗaga sandar sama. Sagiru ya runtse ido yana kalmar shahada, ya ji iskar sandar ta wuce kunnensa. Ashe gwada ta kawai ƙaton ya yi.

"Tamam," in ji ƙaton, ya mayar masa da ita. "Mu ba ma taɓa amana. Amma kaf titin nan babu makami kamarta, ga fursunonin can an ce sun kusa. Yalla, maza, ya shehi, riƙe ta ka tsaya mana a gaba."