Abincin Tabawa Yana Tsakar Gida

Tun da aka yi wa talakawa allurar gansakuka, fatarsu ta koma koriya shar, hasken rana ne abincinsu. Da damina ta rufe sama, tsohuwa Tabawa ta rame, sai ta lallaɓa gidan ɗanta Sa'adu, inda har yanzu ake ɗora tukunya.

Ta tarar ana kwasar tuwo. Ta wanke hannu, tana jiran a ce mata bismillah.

"Inna, ai ku kun wuce wannan wahalar," in ji Sa'adu. "A shimfiɗa mata a tsakar gida ta ci nata."

Ta zauna, ta buɗe tafukanta ga gajimare. Da yayyafi ya sauko, Sa'adu ya taso da sauri, ya ja ƙofa, kada feshi ya taɓa tuwon.