Gwajin Bayan Hannu

Wata uku ke nan Ƙadangare yana zaune a gida. Kullum da safe matarsa ce take sa masa maɓallan riga, shi kuwa ya zuba wa bango ido har ta gama. Hannun rigar na dama takan ninke shi ta maƙale da fil.

Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, saboda yadda yake hawa falwaya. Shekara goma sha tara yana gyaran wayoyin lantarki. Yana da wata ɗabi'a da ya koya wurin na gaba da shi: in an ce an kashe wuta, sai ya tuɓe safar hannu ta roba ya ɗan taɓa wayar da bayan hannu. Wai ko da wuta, ture shi za ta yi, ba za ta riƙe shi ba.

Ranar da abin ya faru, iska ce ta tsinke waya a wani layi mai shaguna. Direban motarsu ya je ya kashe taransifoma, ya dawo yana kaɗa makulli.

"An kashe, Ƙadangare. Amma ka fara ɗaura wayar da ke kai wuta ƙasa, ga ta nan a mota."

"Kai dai riƙe tsani, sarkin tsoro. Aikin minti biyar ne."

Ya hau, ya ɗaure bel, ya taɓa da bayan hannu. Shiru. Ya cusa safar a aljihu saboda zufa, ya kama waya ya fara haɗawa.

A ƙasa, wani mai walda ya gaji da jira, ya tayar da janaretansa. Bai raba layin shagonsa da babban layi ba. Wutar ta biyo waya ta hau falwayar.

Bel ɗin ne ya hana shi faɗowa. A asibiti likita ya ce hannun ya ƙone har ƙashi. Aka yanke shi daga gwiwar hannu.

Jiya direban ya kawo masa jakar kayan aikinsa. Suka gaisa. Matar ta buɗe jakar, ta zaro safar da aka ciro daga aljihunsa, duka biyu lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

"Baban yara, ina zan ajiye waɗannan?"

Ya daɗe yana kallonsu. Bai ji haushi ba, bai ji komai ba. Bayan hannun da babu shi ne kawai yake masa ƙaiƙayi.

"Ba direba ya kai wa mai hannu biyu," in ji shi.

'Yan'uwa masu hawa falwaya, wayar da babu wuta yanzu tana iya ɗauka kafin ka kifta ido. Ku gwada da na'ura, ku ɗaura wayar ƙasa, kada ku cire safa sai kun sauko. Ku kuma masu janareta, ku raba layinku kafin ku tayar: akwai mutum a sama.