Ramuka Bakwai a Dundaye

Injin haƙa yana kan rami na bakwai lokacin da Malam Hayatu ya dawo daga zagayensa na Alhamis. Ya ajiye galan ɗinsa a gindin dogonyaro, kusa da jarkokin mata, ya wanke hannu da sabulu har sau biyu, sannan ya zauna.

Wata huɗu ke nan rijiyar unguwa tana warin mai. In an jawo guga, sai a ga maiƙo mai launi-launi yana yawo a kan ruwan. Yara suka fara ciwon ciki da ƙuraje, har da jikanyarsa Atika, wadda ta kwana tara a asibiti. Yanzu kowa sai ya yi tattaki da jarka zuwa famfon bakin titi.

Ba a sha wahalar neman mai laifi ba. Gidan man Alhaji Muntari yana nan kusa da rijiyar, da tankunansa uku binne a ƙasa. Malam Hayatu ne ya rubuta takardar ƙara da rubutun nan nasa mai tsabta. Aka rufe gidan man, aka turo injiniya Lubna ta binciki ƙasar da ruwan da ke ƙarƙashinta.

Akwai abin da bai sa a takardar ba. Shekara goma sha biyu da suka wuce, a makonsa na ƙarshe yana duba-gari, shi ya sa hannu cewa ana iya gina gidan mai a wurin. Ran nan bai auna tazarar ba, da ido kawai ya ƙiyasta, shi da ko tsawon kwata sai ya sa igiyar awo. Tun da Atika ta kwanta, sa hannun nan ke damunsa dare da rana.

Ya dai yi ta ƙoƙarin hidima. Ya ajiye aiki amma bai ajiye hali ba: shi ke sa a yashe magudana, shi ke bin duk inda ruwa ya kwanta. Mutanen unguwa har alfahari suke yi cewa ko da damina sauro bai damunsu, albarkacin Malam.

Alhaji Muntari ya iso, ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Duba-gari, ka zo ganin jana'izata?"

"Gaskiya naz zo ji, Alhaji," in ji Malam Hayatu, bai ɗaga kai ba.

Kwana goma yana kallon Lubna. Kowane rami ta kan ɗebi ƙasa daga zurfi daban-daban, ta zuba a kwalba, ta rubuta lamba, ta kara wata 'yar na'ura mai shinshinar tururin mai. Ta sa an hura iska a tankunan an rufe, a ga ko za su sace. Tsanakinta ya burge shi, ya kuma ƙara masa kunya.

Da hantsi ta shimfiɗa taswira a kan mota, jama'a suka kewaye ta.

"Tankunan Alhaji lafiya lau suke," ta ce. "Ramukan da ke kusa da su ma tas. Kuma ruwan ƙasa daga wajen masallaci yake gangarowa zuwa fadama. Sai ya wuce rijiyarku kafin ya kai gidan mai."

Alhaji Muntari ya durƙusa a wurin, ya rufe fuska da hula. Malam Hayatu ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, wani sabo ya hau: wata huɗu ya hana bawan Allah sana'arsa, ya ɓata masa suna a banza.

"To mi ya ɓata ruwan, ɗiyata?" in ji Malam Hayatu.

"Ba fetur ba ne, Baba. Kananzir ne haɗe da baƙin mai." Ta ɗora yatsa a kan ɗigo na bakwai. "Nan ya fi muni, gefen matacciyar rijiyar da ke bayan masallaci. Wani ke zubawa a ciki, kuma ba bara ya fara ba. Yau ma an zuba, bakinta a jiƙe yake."

Wurin ya kaure da salati da tsinuwa. Alhaji Muntari ya miƙe, ya kama hannun tsohon da hannu biyu.

"Na yafe maka, Malam. Amma kai kas san kowane gida a unguwag ga. Ka nemo muna shi, ka rubuta mai takarda irin wadda kar rubuta min."

Malam Hayatu ya waiwaya. Idonsa na can gindin dogonyaro, kan galan ɗin kananzir da baƙin man da ya shekara goma sha biyu yana kaiwa bayan masallaci kowace Alhamis don kashe 'ya'yan sauro.