Rigar da Nabi Ya Zaɓa

Muna dab da tsibirin Rum na ga matar da na ɗauko ta musanya rigunan ceto. Mijinta Nabi yana gaban kwale-kwalena yana ɗaukar hoto, ta ɗauke tasa ta ajiye masa tata.

Raina bai kwanta ba. Dukansu ba su iya ruwa ba. Tun daga Konakiri take ɗaure fuska, shi kuwa bawan Allah da hannunsa ya zaɓar mata riga, yana lallashinta su shiga ruwa kallon kifi.

Na matsa na rage murya. "Mabinti 'yar'uwa, ni fa ba na dakon gawa."

"Kyaftin, duba cikin wadda na ajiye masa," in ji ta.

Na juya rigar. An bi igiyoyin da reza, saura zare.

"Ni ma zargi nake," ta ce. "Zuba ido."

Na saki anga. Rigunana duk iri ɗaya ne, ba mai leƙa cikinsu. Nabi ya ɗauki ta wurinsa, ya juya ta, ya shafa igiyoyin. Sai ya yi murmushi.

"Masoyiya, kin ɗauki tawa. Ungo taki."